Ranar da Na Auna Garkar Gidanmu

Akwai abubuwa da yawa da suka faru da ni waɗanda in na zo ba da labarinsu yanzu sai na tsaya ina kokwanton ko haka suka faru. Wannan ba ya cikinsu. Ranar da aka raba garkar albasar gidanmu a Kashin Zama ba za ta fita raina ba har in koma ga Allah, kuma abin ya soma ne daga wata kalmar Turanci guda ɗaya da na koya a kwanakin.

Lokacin muna cikin jihar Sakkwato, ba a yanke Kebbi ba tukuna. Na gama jami'a, na yi hidimar ƙasa, aka tura ni koyar da Turanci a wata makarantar sakandare a Jega. A ƙauyenmu ana ganin kamar na haɗiye Turancin duniya duka, ni kuwa na san iyakata. Kullum fargabata ita ce wani ɗalibi ya ɗaga hannu ya tambaye ni ma'anar kalma in rasa ta cewa. Saboda haka ban taɓa shiga aji ba sai na bi darasin layi-layi da ƙamus a gefena. Ko kalmar da na sani sai na sake dubawa, don ban yarda da kaina ba.

Wata safiya ina wannan bitar na ci karo da "concord". Ban taɓa ganinta ba, ko kuma na taɓa gani na manta, ba zan rantse ba. Na duba ƙamus na farko, ya ce zaman lafiya da yarda da juna tsakanin mutane. Na duba na biyu, ya faɗi kusan haka. Duk da haka hankalina bai kwanta ba, na je na sami wani dattijon malami mutumin Maiyama da muke koyarwa tare, na tambaye shi. Ya yi dariya ya ce ƙamus biyu ba su ishe ni ba sai na haɗa da shi. Sannan ya ce in ce wa yara jituwa, shi ke nan, kada in wahalar da kaina.

Kalmar ta shiga raina. Da na shiga aji na rubuta ta a allo, na fassara, na kuma ba da misali da abin da na fi sani a duniya, wato babana da Baffa. Baffa ƙanen babana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Tun rasuwar kakanmu, bayan an fitar wa mata rabonsu a gonakin tudu, su biyun ba su raba komai ba. Garka ɗaya suke nomawa, rijiya ɗaya suke ja, albasarsu wuri ɗaya ake adana ta, da magariba kuma akushi ɗaya ake kai musu zaure. Na gaya wa ɗalibai cewa duk mai son ganin ma'anar wannan kalma da idonsa ya zo gidanmu. Na faɗa da alfahari, ina tunawa.

Ranar Asabar na tafi gida kamar yadda na saba. Innata ce ta gaya mini, tana tsince shinkafa ba ta ko ɗago kai ba, cewa mako mai zuwa za a raba garka. Na tambaye ta abin da ya faru. Ta ce ba abin da ya faru. 'Ya'yan Baffa maza sun girma, biyu sun yi aure, na uku yana hanya, kowa yana son ya san fangalin da zai kira nasa. Babana da kansa ya kawo shawarar, Baffa ya yi ta ƙi har ya gaji ya yarda.

Da ina da hankalin da nake da shi yanzu, da na tsaya a nan na yi tunani. Babana ni kaɗai ne ɗansa namiji, kuma ga ni a Jega riƙe da alli. Baffa kuwa gidansa cike da majiya ƙarfi. Wannan kaɗai ya isa ya nuna mini inda babana ya dosa. Amma ni hankalina wani wuri ya tafi. A hanyata ta zuwa makaranta ina wucewa ta bakin kotun alƙali, kuma kusan kullum sai na ga 'yan'uwa zaune a inuwa ɗaya sun juya wa juna baya saboda iyakar gona. Sai na tuna rijiyarmu ba a tsakiyar garkar take ba, tana can gefen gabas, duk yadda aka raba dole ta faɗa hannun mutum ɗaya. Na ce a raina yau suna lafiya, to gobe fa? In ɗayansu ya rasu fa? In jikoki suka taso ba su san yadda aka yi ba fa? Na ga cewa tunda ni ne na yi karatu a gidan, nauyi ne a kaina in toshe duk wata ƙofar da rigima za ta iya shigowa.

Da na koma Jega na aro doguwar igiyar awo wurin malamin wasanni, wadda ake auna filin tsere da ita. Na zauna kwana uku ina tsara takarda da Turanci, don a ganina in ta kai ga hukuma an fi jin maganar Turanci. Na sa faɗin kowane ɓangare, na bar gurbin da za a cike bayan awo. Na sa ranakun da kowa zai ja ruwa. Na sa abin da za a yi in ɗaya ya so sayarwa, da abin da za a yi in ɗaya ya rasu, da wanda za a kai wa ƙara in an sami saɓani. Na roƙi akawun makaranta ya buga mini kwafi biyu a tafireta. A saman takardar, da manyan baƙaƙe, na sa sabuwar kalmata. Ina jin a lokacin na ɗauka karramawa nake yi musu.

Ban gaya wa kowa ba. Babana dama ba ma doguwar magana da shi, don ni ne ɗan fari. Bai taɓa kiran sunana ba, ba ya yabona a gaban mutane, ba ya kuma yi mini faɗa a gabansu. Duk abin da ya shafe ni Baffa ne ke tsayawa. Shi ya kai ni makarantar allo, shi ya sa ni a boko, shi ya raka ni tasha ranar da zan tafi jami'a. Da zan yi shawara da wani, da Baffa ne. Amma na ce bari in ba su mamaki.

Yadda ake rabon a wurinmu ba shi da wuya. Babba shi ke jan layi, ƙarami shi ke zaɓa. Ana kiran liman da maƙwabta biyu su shaida, in an gama a dasa gamba a kan layin, a yi fatiha, a watse. Wannan na sani tun ina yaro. Abin da ban sani ba shi ne ba kullum ake jan layin don ya zo daidai ba.

Ranar rabon na dawo gida, da hantsi muka hallara a garka. Lokacin dashe ya kusa, irin albasa ya yi kore shar a fangalai kusa da rijiya, saura 'yan kwanaki a fara cirewa ana dasawa. Babana ya ɗauki sandarsa ya yi bismilla, ya soma tafiya daga bakin hanya yana jan ta a ƙasa, a hankali, ba ya kallon kowa, har ya kai ga shingen baya. Ko makaho ya san layin bai bi tsakiya ba. Ɓangaren gabas mai rijiya ya fi girma, kuma can ne ƙasar ta fi laushi. Liman ya gani, maƙwabta sun gani, kowa ya yi kamar bai gani ba. Ni kaɗai na ɗauka tsufa ne ya sa idon babana ya kuskure.

Na ce a ɗan dakata, in ba damuwa, akwai abin da na zo da shi wanda watakila zai taimaka. Na ciro igiyar daga jaka, na ba ɗaya maƙwabcin bakinta ya riƙe. Ya karɓa yana kallon liman. Na auna gabas, na auna yamma, na sake aunawa don kada in yi kuskure. Sannan na faɗa da murya yadda kowa zai ji, cewa ɓangaren rijiya ya fi ɗayan da wajen ƙafa arba'in, kuma ina ganin zai fi kyau a matso da layin don kada daga baya wani ya ce an cuce shi.

Na ɗauka suna jiran sauran bayani ne, sai na ciro takardar.

Baffa ya miƙo hannu na ba shi. Ba ya karatun boko, amma ya riƙe ta ya daɗe yana kallo. Ya ɗora yatsa a kan manyan baƙaƙen ya ce, "Malamin Jega, wagga ta bisa mi ta ce?"

Na ce kalma ce ta Turanci, ma'anarta jituwa, yarda da juna, mutane su zama bakinsu ɗaya. Ya ce in karanta sauran. Na karanta ina fassarawa, ranakun ruwa, sayarwa, mutuwa, ƙara. Tun ina tsakiya na fara jin muryata tana yi mini wani iri, amma na kasa tsayawa sai da na kai ƙarshe.

Baffa ya ce, "In muna da abin da ka rubuta bisa, na ƙasan mi za shi yi muna? In kuwa ba mu da shi, mi takarda za ta gyara?"

Sai ya juya wajen babana ya ce, "Yaya, kai ka sa shi?"

Babana ya sunkuyar da kai yana kallon bakin sandarsa. In ya ce a'a, ya zama ya tsaya yana maganar ɗan farinsa a gaban mutane, yana tona shi, abin da bai taɓa yi ba tun da aka haife ni. Wannan kunyar ta fi ƙarfinsa, ya yi shiru. Baffa kuwa, da zuciya ta riga ta hau, ya ɗauki shirun a matsayin amsa. A idonsa, yayansa ya ja layi mai kyau a gaban shaidu don a yaba masa, sannan ya turo ɗansa ɗan boko da igiya ya karɓe abin ta bayan gida.

Ya miƙo mini takardar, ya ce wa liman ya zaɓi yamma. Liman ya ce ya dakata, ba haka ake yi ba. Baffa ya ce ai ƙarami ke zaɓa, kuma ya zaɓa. Ya kaɗe rigarsa ya tafi. Ba a dasa gamba ba, ba a yi fatiha ba. Babana ya ce wa liman, "Malam, a tashi," shi ma ya bi hanya. Aka bar ni ina naɗe igiya.

Da magariba aka kai akushi zaure, babana ya zauna shi kaɗai a gabansa, aka dawo da shi kusan yadda aka kai. Innata ce ta warware mini abin da kowa ya sani ban da ni. Ta ce da gangan babana ya karkatar da layin, don Baffa ya fi shi iyali. Da an bar su, Baffa zai nuna yamma saboda kunya, babana ya ce bai yarda ba, liman ya sa baki, maƙwabta su sa baki, har Baffa ya karɓi gabas kamar an tilasta masa. Da haka an yi kyauta ba a kira ta kyauta ba, mai karɓa bai ji nauyi ba, mai bayarwa bai yi gori ba. Ta ce tunda na faɗi yawan ƙafafun a gaban mutane, yanzu in Baffa ya ɗauki gabas kowa ya san da nawa ya fi yayansa. Ba ta ɗaga murya ba, ta dai ce, "Ka ƙirga abin da ba a ƙirgawa."

Na koma Jega ranar Lahadi da niyyar in rubuta wa Baffa wasiƙar ban haƙuri. Na rubuta ta fi sau biyar ina yagewa. Kowace na karanta sai in ga rabinta bayanin dalilaina ne. Ina cikin haka aka kwana goma. Sai wani direba da ke ɗauko albasa daga wajenmu ya tsaya a ƙofar makaranta ya ba ni saƙon innata. Baffa da 'ya'yansa sun fara haƙa sabuwar rijiya a yamma, ya rantse ba zai taɓa gugar tsohuwar ba. Babana kuma ya ce ba zai ja ruwan da ƙanensa ba ya sha ba. Irin da ke fangali na gida biyu ne, ba mai ba shi ruwa, ya fara kwanciya. In ya mutu, albasar bana ta tafi.

Na nemi izini na tafi a ranar. Ban shiga gida ba, wurin liman na fara zuwa. Na same shi a ƙofar gidansa yana duba allunan ɗalibai. Na nuna masa wasiƙar ƙarshe da na rubuta, na ce ko zai taimaka ya karanta wa Baffa. Ya ce in mayar da ita aljihu, takarda ɗaya ta ishe mu haka. Ya ce a gaban mutum biyar na yi abin, saboda haka a gaban mutum biyar ɗin nan zan faɗi gaskiya da bakina, kuma shi zai tara su gobe da safe a wurin da aka watse.

Ban san yadda ya shawo kan Baffa ba, amma ya zo, ƙafafunsa duk jar ƙasar haƙa. Babana ya tsaya can gefe. Na durƙusa a gaban Baffa na fara magana. Na ce watakila an sami rashin fahimta, kuma ina jin mai yiwuwa yadda na gabatar da abin ne bai zo daidai ba, ko da yake niyyata, in za a duba ta wani ɓangaren...

Ya katse ni. "Bar wagga kwana-kwana. Yaya ya sa ka, ko kai ka sa kanka?"

Na ce, "Ni na sa kaina, Baffa. Bai san da igiyar ba, bai san da takardar ba. Na yi kuskure."

Ina jin wannan ce magana ta farko da na taɓa faɗa a rayuwata ba tare da na bar wa kaina hanyar zamewa ba. Baffa ya tambaye ni abin da nake tsoro har na yi haka. Na ce tsoro nake kada wata rana su ɓata.

Ya ce, "Tun ba a haife ka ba muke nan, ba mu ɓata ba sai da ka zo tsaronmu."

Maƙwabcin da ya riƙe mini igiya ya fashe da dariya, ɗayan ma ya kama. Baffa bai yi dariya ba, amma na ga kafaɗunsa sun sauka. Ya juya ya ce wa babana, ai da sai ya ce a'a tun ranar. Babana ya ce, yana kallon gefe, "Kai ma ka san ba ni iyawa."

Liman ya bi tsohon layin yana shafe shi da ƙafa, duk da iska ta riga ta cinye rabinsa. Ya ce a sake daga farko, kamar ba a taɓa yi ba. Babana ya ɗauki sanda ya yi bismilla, ya ja layin a daidai inda ya ja na farko, bai matsar da shi ko taki ɗaya ba. Baffa ya nuna yamma. Babana ya ce bai yarda ba. Baffa ya ce ai ya riga ya fara haƙa a can. Liman ya ce ramin da bai kai ruwa ba ba rijiya ba ne, ya bi maganar yayansa. Maƙwabta suka ce haka ne. Aka yi ta yi, ni ina tsaye hannuwana a baya, bakina a rufe, har Baffa ya ce to tunda an taru a kansa ya karɓa, amma kowa ya ji, rijiya ta gida ce, duk mai guga ya zo ya ja. Aka dasa gamba, aka yi fatiha. Kafin mu ɗaga, 'ya'yan Baffa har sun fara zuba ruwa a fangalin iri.

Ba duka irin ya tashi ba. Wajen rabinsa ya riga ya ƙone, sai da aka nemo ƙari a Aliero, dashe ya yi latti, albasar shekarar ba ta yi auki ba a gida biyun. Ba wanda ya ce mini laifina ne, kuma wannan ya fi mini ciwo. Akushin zaure ma bai koma ɗaya nan take ba, sai bayan wasu makonni, wata magariba Baffa ya shigo ya zauna ya wanke hannu kamar jiya ya tashi. Babana har ya rasu bai taɓa tayar mini da maganar ba.

Ba zan ce na daina taka-tsantsan ba, halina ne, har yau sai na duba ƙofa sau biyu kafin in fita. Ba kuma zan ce rubuta yarjejeniya laifi ne ba, akwai inda ake buƙatarta, na kuma ga inda rashinta ya raba zumunci. Abin da na koya shi ne mutanen da suka daɗe suna zaune lafiya suna da hanyar da suke bi, ko da kai ba ka gan ta ba, kuma yawanci a cikinta akwai wani da ke sakin haƙƙinsa da gangan, da wani da ke karɓa ba tare da an sa shi jin kunya ba. In ka shigo da niyyar kare su ba ka tambayi yadda suke yi ba, kariyar taka zargi ce, ko da zuciyarka fara ce. Tun daga ranar, in na ga abu ya karkace tsakanin mutum biyu da ke ƙaunar juna, kuma dattawan wurin sun yi shiru, nakan ɗauka akwai abin da suka sani, in ja bakina in tsaya a baya.